Mene Ne Batun 'Yancin Sikotland?

Duk mai sauraron labarun Birtaniya ba zai rasa jin ana ambaton 'yancin Sikotland ba, wato muradin da wani sashe na al'ummar arewacin tsibirin nan yake da shi na warware tarayyar da aka ƙulla tsakanin ƙasarsu da Ingila a 1707, su kafa daula mai cin gashin kanta. Tun 1999 suna da majalisarsu a Edinbara, wadda take hukunci a kan ilmi da lafiya da shari'a, amma tsaro da hulɗa da ƙasashen waje suna hannun Landan.

Hanyar rabuwa ita ce ƙuri'ar raba gardama, inda ake tambayar jama'a kai tsaye, i ko a'a. An yi ta ranar 18 ga Satumba, 2014, kashi 55 cikin ɗari suka zaɓi zama. Da Birtaniya ta zaɓi fita daga Tarayyar Turai a 2016, alhali kashi 62 na masu ƙuri'a a Sikotland sun ƙi, sai jam'iyyar SNP, mai fafutukar 'yancin Sikotland, ta ce sabuwar hujjar sake ƙuri'ar 'yanci ta samu, kuma a ganina hujja ce mai nauyi. Sai dai a Nuwamban 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba za a sake ƙuri'ar ba sai da iznin majalisar Landan.

Mas'alar ta shafi ma'aikacin mai a Aberdeen, da tsohuwar da take tambaya ko da fam za a ci gaba da biyan ta fansho, da sojan da yake tsaron jiragen nukiliya masu nutso a Faslane.