GAWAR DA BA A SAN MAI ITA BA

Bayani ga Hakimai da Malamansu

Kowane Hakimi da ya daɗe bisa aiki ya san irin ranar da Dagaci ya kan aiko da labari cewa an tsinci gawa, ba kuwa wanda ya san mai ita. Wani sa'i kogi ne ya kan kawo ta da damina, wani sa'i matafiyi ne ajali ya riske shi a tashar mota ko a rumfar kasuwa, wani sa'i kuma makiyayi ne ya kan ci karo da ƙasusuwa a daji. Abin da aka saba shi ne mutanen gari su yi wa mamacin sutura, su sallace shi, su binne, ladansu na wurin Allah. Daga nan sai zance ya mutu. Amma fa a can wani gari akwai uwa da mata da 'ya'ya da ke ta sauraron sallamarsa.

An shirya wannan takarda don a bayyana yadda masana su ke gano sunan mamaci ko da bayan shekaru masu yawa, a kuma nuna cewa aikin nan nasu duk ya rataya ne ga abin da aka rubuta aka ajiye ran da aka tsinci gawar. Wannan kuwa aikin Hakimi ne da Malaminsa.

Nauyin al'amarin

A mazhabar Malikiyya, mutumin da ya ɓace ba a san ko yana raye ko ya mutu ba, ana ce da shi mafƙudi. Matarsa ba ta da ikon yin aure sai ta kai ƙara gaban Alƙali, an yi cigiya an rasa, ta jira shekara 4, sa'an nan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta gado sai an kai lokacin da irinsa ba ya wuce shi a raye. Watau gona tana nan a rataye, marayu ba su sami rabonsu ba, alhali kuwa mai gidan ya daɗe a kabari a wata gunduma. Da labari tabbatacce ya iso, da duk an huta da wannan wahala.

Masu irin wannan jira suna da yawa. A 2020 Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta ce sunayen mutum kusan 23,000 ke cikin littafinta na waɗanda suka ɓace a Nijeriya, mafi yawansu saboda fitinar arewa maso gabas, fiye da rabinsu kuwa yara ne sa'ad da suka ɓace. Cikin watan Oktoba na 2013 kuma aka tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Ƙishirwa ce ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara daga kudancin Nijar.

Hanyoyin da a ke bi

Hanya ta fari ita ce zanen yatsa, wanda kowane Malami ya sani a wajen dangwale. Ba a taɓa samun mutum biyu da zanen yatsunsu ya zo ɗaya ba, ko da tagwaye ne. 'Yan sandan Landan sun buɗe ofishin ajiye shi tun 1901. A ƙasarmu ana ɗaukar zanen yatsun mutum wajen yin katin ɗan ƙasa, da katin zaɓe, da lambar banki wadda aka fara bayarwa a 2014, saboda haka akwai abin gwadawa da shi. Sai dai fata ba ta jure zafin ƙasarmu; in an yi 'yan kwanaki ba a ɗauka ba, ta kan lalace.

Ta biyu haƙori ne da ƙashi, su ne kuwa su kan daɗe a ƙasa. Baligi yana da ƙashi 206 da haƙori 32. Likita ya kan dubi ƙashin ƙugu ya san namiji ne ko mace, don na mace ya fi faɗi. Ya kan auna ƙashin cinya ya kimanta tsawon mutum. Haƙoran yaro su kan nuna shekarunsa kusan daidai, don kowane haƙori da lokacin fitowarsa. Tsohuwar karaya kuma sau da yawa ta kan bar tabo a ƙashi, ko da ma'ɗori ya ɗora ta warke sarai.

Ta uku ita ce gwajin ƙwayar halitta, wanda a ke kira DNA. Wani malami mai suna Alec Jeffreys ne ya gano wannan hanya a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1984. Ga yadda abin ya ke. Cikin jini da tsoka da ƙashi na kowane ɗan Adam akwai wata alama da ido ba ya gani, rabinta ya gado daga uwa, rabi daga uba. In aka ɗebi ɗan gutsuren ƙashi ko haƙori na mamaci, aka kuma ɗebi jini ko miyau na wadda a ke zaton ita ce uwarsa, sai a gwada. In ɗanta ne alamar ta kan nuna, in ba ɗanta ba ne ta kan nuna. Amma a lura, alamar nan ba ta ɗauke da sunan kowa. Sai an sami dangi da za a gwada da su tukuna ta ke da amfani. Jihar Legas ta buɗe ɗakin yin irin wannan gwaji a 2017.

Yaron cikin kwali

A watan Fabrairu na 1957 aka tsinci gawar wani yaro a gefen birnin Filadelfiya ta Amurka, an naɗe shi da bargo an saka cikin kwali. Likita ya ce shekarunsa tsakanin 4 ne da 6, kuma duka ne ya kashe shi. 'Yan sanda suka ɗauki hotonsa da zanen tafin ƙafarsa, aka buga takardun cigiya wajen 400,000, aka rarraba. Ba wanda ya zo ya ce ɗansa ne. Aka binne shi a maƙabartar marasa galihu, amma aka yi wa kabarin alama, aka kuma adana takardun binciken.

A 1998 aka tone kabarin da izinin hukuma, aka ɗebi ƙwayar halitta daga haƙorinsa, amma ba a sami wanda za a gwada da shi ba. A 2019 aka sake tonewa, don a lokacin an sami wata sabuwar dabara. Mutane da yawa a Amurka su kan aika da miyaunsu a gwada don su san asalin kakanninsu, wasu kuma su kan saka sakamakon a intanet inda za a iya gwada shi da na waɗansu. Wa da ƙane su kan yi tarayya cikin kusan rabin alamar nan, 'ya'yansu kuwa su kan yi tarayya cikin kashi 1 bisa 8, haka abin ya ke raguwa gwargwadon nisan zumunci. Masana suka sami dangin yaron na nesa ta wannan hanya, suka yi ta bin salsala kamar yadda maroƙi ya kan jero kakannin sarki, har suka tsaya kan mace guda. Da aka binciki rajistar haihuwa, sai ga takardar haihuwar yaron, ta watan Janairu na 1953. Ran 8 ga Disamba 2022 'yan sanda suka faɗi sunansa, shekara 65 bayan tsintarsa, aka kuma rubuta sunan a kan kabarinsa.

Sai a dubi abin da ya sa aka ci nasara. An san inda kabarin ya ke. Takardun 1957 ba su ɓace ba. Wani magatakarda kuma ya rubuta haihuwar yaron a rajista. Da ɗaya cikin ukun nan ya kuskure, da ilmin masana bai amfana kome ba. Dabarar bin salsala ta intanet ba ta cika aiki ga mutanenmu ba tukuna, don kaɗan ne daga cikinmu suka ba da miyaunsu. Saboda haka a nan rubutu da shaidar dangi sun fi ƙarfi.

Mutanen Sirebirenika

A watan Yuli na 1995, lokacin yaƙin Bosniya, sojojin Sabiyawan Bosniya suka kashe Musulmi maza, manya da yara, wajen 8,000 a garin Sirebirenika da kewayensa. Don su ɓoye laifinsu sai suka tone ramukan da motocin haƙa, suka kwashe gawawwakin zuwa waɗansu ramuka, har ya zama ƙashin mutum guda a kan same shi a rami biyu ko uku. A 1996 aka kafa wata hukuma ta duniya mai neman waɗanda suka ɓace. Ma'aikatanta suka bi gida gida da sansanonin gudun hijira, suna ɗibar ɗigon jini daga iyaye da 'ya'ya, suna rubuta dangantakar kowa da wanda ya rasa. Ta haka aka gano sunayen kusan 7,000. Kowace shekara ran 11 ga Yuli a kan yi jana'izar waɗanda aka gano a maƙabartar Potocari, kowa da kabarinsa da sunansa.

Darasin da ke nan shi ne littafi biyu a ke bukata: na gawar da aka tsinta, da na mutanen da suka ɓace. Ɗaya ba ya aiki sai da ɗan'uwansa.

Abin da a ke roƙon Hakimi da Malaminsa

1. Da zarar labari ya zo, a aika wa Baturen 'yan sanda na yanki. A sa Mai unguwa ya tsare wurin, a hana taron jama'a tattake sawu. Kada a motsa gawar sai hukuma ta zo, sai fa in ruwa ko namun daji za su tafi da ita.

2. A ba gawar lamba cikin littafin Hakimi, a rubuta rana da sa'a da wurin da aka same ta, da sunan wanda ya fara gani. Wurin a bayyana shi sosai, kamar a ce taku kaza gabas da gadar gari kaza. Cewa "a daji" kawai ba ta wadatar ba.

3. A rubuta kamannu: namiji ko mace, dogo ko gajere, kimanin shekaru, furfura, gemu, kitso. A kula ƙwarai da tsagar fuska, don bille da zanen Gobirawa da na Barebari kowanne yana nuna inda za a fara cigiya. A rubuta wushirya, da giɓi, da haƙorin Makka, da tabon ƙuna ko na ƙaho, da yatsan cindo. Abin da ido ya gani shi kaɗai za a rubuta, ban da zato.

4. A ɗauki hoton fuska da na jiki duka da na tufafi, takarda mai lambar nan tana fitowa cikin kowane hoto. Hoton na hukuma ne. Kada a bar yara su watsa shi a waya, don mamaci yana da alfarma.

5. Tufafi, da takalma, da zobe, da laya, da tasbaha, da kati, da waya, duk a lissafta su a gaban shaidu 2, a ɗaure wuri ɗaya da lambar, a miƙa wa 'yan sanda, su sa hannu cikin littafi. Kada a ƙone, kada a yi sadaka da su. Sau da yawa mace ta kan shaida hular mijinta ko ɗinkin rigarsa tun daga nesa.

6. In ƙasusuwa ne aka samu, kada a wanke su, kada a shanya su a rana, kada kuma a haɗa na mutum biyu wuri ɗaya. Zafi da danshi suna ɓata ƙwayar halitta.

7. Gaggauta sutura abu ne da addini ya ke so, ba kuwa a nufin a hana shi. Abin da a ke roƙo shi ne a jira izinin hukuma, a kuma roƙi likita ya ɗebi haƙori ko gutsuren ƙashi ya ajiye. A binne kowace gawa a kabarinta dabam, a sa lambar cikin kwalba a rufe a binne tare da ita, a kafa alama mai ƙarko a bisa, a zana taswirar wurin cikin littafi. Tone kabari kuwa ba na kowa ba ne sai da umarnin hukuma.

8. A buɗe littafi na biyu don waɗanda suka ɓace daga gunduma. Dagatai su kawo sunan kowa, da kamanninsa, da tufafin da ya fita da su, da inda ya nufa, da sunan uwa ko uba ko ɗa da ke raye, don su ne za a gwada da su. 'Yan ci-rani da almajirai da fatake a fi kula da su. Hakimai maƙwabta su riƙa musayar abin da ke cikin littattafan nan, musamman waɗanda kogi ɗaya ko hanyar mota ɗaya ta ratsa ƙasarsu.

9. A riƙa yi wa talakawa gargaɗi su kai haihuwa da mutuwa a rubuta a ofishin Hukumar Ƙidaya, matafiyi kuma kada ya fita ba kati a aljihunsa.

Littattafan nan biyu a ajiye su cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da yoyon ɗaki. In Malami ya sauka ko aka sake masa wurin aiki, ya danƙa su hannu da hannu ga wanda ya gaje shi, Hakimi ya shaida. Mai yiwuwa ne wanda ya rubuta ba zai ga ranar da za a buɗe shafin ba, kamar yadda yawancin 'yan sandan Filadelfiya na 1957 ba su ga 2022 ba. Duk da haka a rubuta da kyau, da tawada mai kama takarda.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sada kowane ɓatacce da danginsa, amin.