Dala da Tamma: Harshen Mai Lissafin Kuɗi a Tawa da Arewacin Adar

Wanda ya yi niyyar zama mai lissafin kuɗi a Tawa, watau wanda Hausawan Nijeriya ke kira akanta, yana da ƙidaya biyu a gabansa. Ɗaya ta littafi ce, da Faransanci ake koyar da ita, kuma tamma ce tushenta. Ɗayar ta kasuwa ce, da Hausa ake yin ta, tushenta dala.

Tun da aka kafa kuɗin sefa a 1945, da tamma ake rubuta kowane lissafi na hukuma. Amma Ba'adare ba ya ciniki da tamma. Dala guda tamma 5 ce, kuma sunan ya fito ne daga tsohon kuɗin azurfa na Turai da fatake suka sani kafin zuwan Faransawa. Saboda haka in mai sayar da hatsi a kasuwar Barmu ya ce "ashirin", tamma 100 yake nufi. In ya ce "ɗari", 500 ke nan. Dala 200 ita ce jikka, watau tamma 1,000, kuma daga nan lissafi ya koma jikka biyat, jikka goma, har zuwa miliyan. (A Adar "biyat" ake cewa, kamar a Sakkwato.) Kalmar ma tana da tarko, domin a Nijeriya jaka naira 200 ce. Ɗan kasuwar da ke sayen kaya ta Ƙwanni da Illela ya san bambancin, amma sabon ma'aikaci da ya rubuta adadi yadda ya ji shi, bai ninka biyar ba, ya zubar da kashi huɗu cikin biyar na dukiyar ubangidansa a takarda. Ranar biyan lanho ko ranar rabon gado ake ganin ɓarnar.

Karatun kuwa ya samu a gida. A 2010 aka kafa Jami'ar Tawa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar, kuma ana koyar da shari'a da tattalin arziki da tafiyar da kamfanoni a cikinta. Ƙa'idar da ɗalibi ke koyo ba ta Nijar kaɗai ba ce. Ta ƙungiyar OHADA ce, wadda aka kafa a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci, kuma sabon tsarinta na lissafi ya soma aiki a 2018. A ciki akwai sassauci ga ƙananan masu sana'a: abin da ya shigo da abin da ya fita kawai za su rubuta.

Izinin buɗe ofishi ba daga jiha yake fitowa ba. Dokar 2003 ta kafa ƙungiyar ONECCA a Yamai, kuma sai wanda sunansa ke cikin rajistarta yake da ikon kiran kansa ƙwararren mai lissafi. Babbar takardar ƙasashen UEMOA ita ce DECOFI, ba a samunta sai bayan jarrabawar DESCOGEF da shekara 3 na koyon aiki a hannun gwani. Hanya ce mai tsawo, kuma yawanci takan raba yaro da garinsu.

In ya dawo, masu neman taimakonsa dillalan dabbobi ne, da ƙungiyoyin manoma, da masu karɓar kuɗin da ƴan bida ke aikowa daga Abijan. Yawancinsu da ka suke riƙe lissafi, da shaidu. A nan Hausa ba ta gaza ba: tana da uwar kuɗi, jari, riba, faɗuwa, bashi, ajiya, jingina, la'ada. Inda take da giɓi shi ne wajen abubuwan da littafi ya zo da su, kamar ragin darajar mota shekara-shekara, ko ɓangarori biyu da ake shigar da kowane ciniki. Waɗannan har yanzu da Faransanci ake faɗinsu a tsakiyar zancen Hausa, kowane mai lissafi kuma da irin bayanin da yake yi wa ubangidansa.