Hayaƙin da Ya Kori Damina

A shekarar 1972 da 1973 an yi wani fari mai tsanani a ƙasar Hausa da sauran ƙasashen da ke bakin Hamada, tun daga Senegal har Chadi. Manoma suka yi shuka, ta tsiro ta bushe, suka sake, ta sake bushewa. Rijiyoyi suka ƙafe. Shanun Fulani da raƙuman Buzaye suka yi ta faɗuwa a kan hanya, har ungulu ta ci ta bar saura. Mutane da yawa suka bar garuruwansu neman abinci, waɗansunsu ba su sake komowa ba. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga wani farin a 1983 da 1984. Tafkin Chadi, wanda girmansa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye har bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa na dā ba.

Da masana suka tashi neman dalili, sai suka fara duban abin da ke kusa. A 1975 wani malamin Amurka, Jule Charney, ya bayyana cewa in ƙasa ta rasa ciyawa ta zama faƙo, ruwan sama yana raguwa a kanta. Daga nan aka ɗora wa talakawa laifi, aka ce makiyaya sun tara dabbobi fiye da kima, manoma kuma sun sassare itatuwa. Maganar tana da gaskiya a cikinta, gama saran daji ɓarna ne ko'ina. Amma ba a yi musu adalci ba, don kuwa babban dalilin yana can nesa, inda manomin Daura bai taɓa takawa ba.

Kafin a gane wannan, sai a san inda ruwan damina yake fitowa. Ko da yake hadari daga gabas yake tasowa, yawancin ruwan da ke cikinsa daga Tekun Atlantika yake. Rana tana dukan teku, tururi ya tashi, iskar damina ta ɗauko shi daga kudu maso yamma ta shigo da shi cikin ƙasa. Ita wannan iska tana da wata ɗabi'a, watau takan karkata wajen da ya fi ɗumi. In tekun arewa ya fi na kudu ɗumi, sai ta yi nisa har Agadas. In kuwa ya yi sanyi, sai ta tsaya kudu, ta bar Katsina da Damagaram suna duban sama. A 2003 wata malama, Alessandra Giannini, da abokan aikinta suka nuna cewa sauyin ɗumin tekuna shi ne ya fi kome jawo farin nan.

To, me ya sanyaya tekun arewa? Masana da yawa sun ce ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne hayaƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antun Turai da Amurka sun yi ta ƙona kwal da mai, dare da rana. A cikin kwal akwai farar wuta, irin wadda ake sayarwa a kasuwa don maganin ƙazwa. In ta ƙone sai ta tashi sama ta zama ƙura mai laushi ƙwarai, wadda ido ba ya ganin ƙwayarta. Iska ta kwashi ƙurar nan ta shimfiɗa ta bisa teku kamar rumfa, ta tare wani sashi na hasken rana, kamar yadda hazo kan dushe rana da hunturu. Ruwan da ke ƙarƙashin rumfar ya rage ɗumi, iskar damina ta ja da baya.

Masu hayaƙin ba su san suna cutar kowa a Afirka ba, kuma su kansu ba su tsira ba. A watan Disamba na 1952 hayaƙi ya rufe birnin Landan kwanaki biyar, mutane dubbai suka mutu. Daga baya ruwan sama mai tsami ya kashe kifi a tafkunan Norwe da Suwidin. Sabo da haka suka kafa dokoki. A 1979 ƙasashen Turai da Amurka da Kanada suka yi yarjejeniya a Janeba a kan rage hayaƙin da ke ƙetare iyaka, sa'an nan aka riƙa sa wa masana'antu na'urar tace farar wuta. Don lafiyar kansu suka yi, amma amfanin ya kai har gonakin gero.

Tun wajen 1990 damina ta fara kyautatuwa a bakin Hamada, ko da yake ba ta koma yadda take a 1950 ba. Yanzu ruwan yakan zo da ƙarfi gaba ɗaya, ya rushe gidaje ya ci gonaki, sa'an nan ya ɗauke kwana da kwanaki. Masana suna danganta wannan da ɗumamar duniya, wadda ita ma tushenta ƙona kwal da mai ne. Tafkin Chadi ya ɗan ƙaru, amma har yanzu akwai ƙauyukan da aka gina a inda dā masunta ke jefa taru.