Yadda Ake Gane Nagartar Jirgin Shaƙatawa Na Hannu

A ƙasashen da Allah ya wadata da tafkuna da gaɓar teku, irin su Amurka da Ingila, jama'a da yawa sukan mallaki ƙaramin jirgin ruwa domin shaƙatawa da kamun kifi, kuma da yake sabo ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali, sai ya nemi na hannu, wanda arharsa da ƙyallin fentinsa sukan shagaltar da shi ga barin binciken wuraren da aibi yake ɓuya.

Tun daga shekarun 1960 galibin waɗannan jirage da faiba ake ƙera su, wato zaren gilashi da aka daskarar da ƙaro, amma maƙera sukan sa katako a cikinta don ƙarin ƙarfi, musamman a allon baya inda ake rataya inji, da kuma ƙarƙashin daɓe. Faiba ba ta ruɓewa, katako kuwa, muddin ruwa ya sami hanya ta ramin kusa ko ta wata 'yar tsaga, zai yi shekaru yana ruɓewa a ɓoye alhali zahirin jirgin yana nan sumul. Saboda haka wajibi ne mai saye ya bi jikin jirgin da 'yar gudumar roba yana ƙwanƙwasawa, kamar yadda mace takan ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa: amo mai kaifi shaidar lafiya ne, amo mai dusashewa kuwa alamar ruwa ya shige. Sa'an nan ya taka daɓen ko'ina, ya kama ƙafar injin ya jijjiga da ƙarfi. Idan allon baya ya motsa, to, a ganina ya haƙura, domin gyaransa sau da yawa ya fi kuɗin jirgin kansa.

Shi kuwa inji, a tashe shi yana sanyi, don mai ha'inci yakan ɗumama shi kafin baƙo ya iso. Bakanike ya auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kamar kashi 10 cikin 100, ya kuma tsiyayo man giya, wanda in ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ne ya ratsa shi. A lura da samuwar kayan gyara, tun da akwai injunan da aka daina ƙerawa, kamar samfurin Evinrude da aka daina a 2020.

Malaman fiƙihu sun ba mai saye zaɓin mayar da haja idan aibin da aka ɓoye ya bayyana, amma irin wannan ciniki a Amurka akasari bisa sharaɗin babu mayarwa ake ƙulla shi, don haka hujja ita ce takarda. Tun 1972 dokar ƙasar ta wajabta wa kowane sabon jirgi lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a gefen dama na allon baya. A gwada ta da wadda ke cikin takardun mallaka, kuma kada a biya ko sisi sai an sa jirgin a ruwa an tuƙa shi.