Kafin Ka Yarda Cewa Injin Kwamfutarka Ya Ƙone

Wata ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Maiduguri ta shigo gidanmu a Lamisula da yamma, ta dire jakarta a kan tabarma, ta ce, "Yaya, laftof ɗina ta mutu, kuma duk aikin furojet ɗina yana ciki." Ta riga ta kai wa wani mai gyara, ko buɗewa bai yi ba ya ce inji ne ya ƙone. Na ari cajar maƙwabcinmu na jona. Nan take ƙaramar fitilar gefe ta kama. Wayar cajarta ce ta karye a ciki, daidai wuyan da ake naɗewa.

"Ta mutu" ba sunan cuta ba ne. Kwamfuta tana tashi ne mataki-mataki: wuta ta shiga, inji ya duba kayan jikinsa, sikirin ya haska, sannan a ɗauko Windows daga rumbun ajiya. Inda ta tsaya, nan za a nemi matsalar. Kuma hankali shi ne a fara da abu mai araha.

A garin nan caja ce abin zargi na farko, da dalili. Tun watan Janairun 2021, lokacin da 'yan ta'adda suka kayar da turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, Maiduguri ta daɗe cikin duhu, muka koma janareta da sola da shagunan caji. Ko bayan buɗe tashar gas mai megawat 50 a watan Maris na 2023, ba mu rabu da janareta ba. Wutar ƙaramin janareta hawa da sauka take yi, caja ce kuma ke fara shan dukan. Juya bayanta ka karanta: yawancin na HP da Dell bolt 19.5 ne, na Lenovo bolt 20. Mai gyaran kirki zai ɗora mita ya gwada a gabanka, bai fi minti ɗaya ba. Wasu cajojin Dell da HP suna da siririyar allura a tsakiyar baki. In ta lanƙwashe, kwamfutar na iya ƙin cajin batir. Akwai kuma alamar da ba kowa ya sani ba: idan fitilar caja tana ci, amma da ka soka ta a kwamfuta sai ta mutu, to wuta na haɗuwa a cikin kwamfutar. Zare, kada ka ƙara gwadawa.

Idan caja lafiya, cire ta, cire batir in mai fita ne, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka jona caja kaɗai. Sau da yawa shi ke nan. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai kuwa, ba a lallaɓa shi. Zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 ba abokin wasansa ba ne.

Wani lokaci fitila ta kama, fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin. Nan sai a kasa kunne a zuba ido. HP kan yi magana da ƙiftawar fitilar Caps Lock, Dell da ƙiftawar fari da ruwan goro, kuma adadin ƙiftawar yana nuna ɓangaren da ke ciwo. Ƙirga ka rubuta. Sau da yawa ram, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi, shi ne ya motsa, ko ƙurar hunturu ta kwanta a haƙoransa. A zare shi, a goge da abin goge fensir, a mayar har ya ce ƙas. In biyu ne, a gwada ɗaya-ɗaya. Haska tocilan waya a jikin sikirin kuma: in ka hango inuwar rubutu, hasken bayansa ne ya mutu. Ko ka jona ta da talabijin ta wayar HDMI. In hoto ya fito, galibi inji ya fita daga zargi.

In tambarin kamfani ya bayyana sannan ta tsaya, ko ta rubuta cewa ba ta ga inda za ta tashi ba, maganar rumbun ajiya ce. Nan ne mutane ke asara, domin abin da za ka fara ji shi ne "sai an yi fomat", wato goge abin da ke ciki.

Ruwa babinsa daban. Bayan ɓallewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, da ruwa ya mamaye Monday Market da Gwange, da yawa sun shanya kwamfuta a rana suka kunna. Kunnawar ce ke ƙarasa ta, domin laka da danshi suna nan ƙarƙashin ƙananan kayan inji suna cin su. Tura ta cikin shinkafa ba ya maganin wannan. A cire batir, a kai a buɗe a wanke.

Ba na cewa inji ba ya ƙonewa, kuma a Kasuwar Jagwal akwai matasan da hannunsu ya faɗa ƙwarai. Amma hukuncin inji shi ne na ƙarshe. Don haka, malam, in za ka bar kwamfutarka a shago, ka ce a gwada caja da ram kana tsaye, kuma kada a taɓa rumbun ajiya sai an kwashe maka abin da ke ciki.