Kundin Umarni A Kwamfuta: Me Zai Riƙe, Me Zai Manta?

Cikin 'ya'yanmu da ke Sabha akwai masu karatun kwamfuta a jami'ar garin, akwai kuma masu aiki a shagunan gyaran waya da na'urori. Duk wanda ya taɓa aiki da Linux a cikinsu ya san baƙin allon nan da ake buga umarni a kai. To, allon nan yana da kundi kamar na ɗan kasuwa, inda yake shigar da duk abin da aka buga masa.

Dabarar ta shigo Unix ne ta manhajar csh ta Bill Joy, a Jami'ar Berkeley ta Amurka, a ƙarshen shekarun 1970. Manhajar Bash, wadda Brian Fox ya fitar a 1989, ta gaje ta. Bash kan riƙe umarni 500 in ba a canza ba, ta ajiye su a fayil mai suna .bash_history. Da Ctrl da R mutum zai lalubo umarnin da ya buga makon jiya.

Sai dai akwai matsala biyu da suka shafe mu. Ta farko ita ce wuta. Bash ba ta zuba kundin a fayil sai an rufe allon, kuma kowa ya san halin lantarki a Fezzan lokacin zafi. In wuta ta ɗauke, abin da aka buga tun safe ya ɓace. Maganinta shi ne a buɗe fayil ɗin .bashrc a ƙara waɗannan:

PROMPT_COMMAND='history -a'
HISTSIZE=5000
HISTFILESIZE=10000

Layin farko zai sa a adana kowane umarni nan take, sauran biyun kuma su faɗaɗa kundin.

Ta biyu ta fi haɗari. A shago, mutum uku ko huɗu kan yi tarayya a kwamfuta ɗaya. In ka buga kalmar sirrinka cikin umarni, wanda ya zauna bayanka zai karanta ta ɓaro-ɓaro. Don haka a ƙara:

HISTCONTROL=ignoreboth

Daga nan, duk umarnin da ka bar fili kafin harafinsa na farko ba zai shiga kundi ba, kuma wanda aka maimaita a jere ba za a sake rubuta shi ba. In kuwa sirrin ya riga ya shiga, history -c sannan history -w za su share kundin kakaf, har da abubuwa masu amfani, saboda haka a yi hattara.

Jama'a, aikin bai kai minti biyar ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.