Zazzaɓin Sa da Zafin Tirela

'Yan'uwa fatake da dillalai, duk wanda ya daɗe a kara ya san sa mai zazzaɓi: hanci ya bushe, ya bar tuƙa, ya ware daga garke. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne aikin da zafin nan yake yi can cikin jiki, da dalilin da ya sa irin wannan sa ne kan fara faɗuwa in an loda mota.

Jikin saniya, kamar namu, an gina shi ne da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Aikin cikinsu furotin ke yin sa, kuma kowane furotin da irin naɗinsa. In naɗin ya warware, ya tashi daga aiki, kuma zafi na warware shi. Dubi farin ƙwai a kasko: da ya ji wuta sai ya daskare, ba ya kuma komawa ruwa.

To amma jiki yana da masu gadi. A 1962 wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, ya lura cewa ƙwayoyin halittar wani ƙaramin ƙuda sun shiga wani sabon aiki bayan an ƙara musu zafi. A 1974 aka gano cewa wasu furotin na musamman suke ƙerawa, waɗanda yanzu ake kira furotin masu kariyar zafi. Sanannensu shi ne HSP70, lambar kuwa daga nauyinsa aka ɗauko ta. Aikinsu su riƙe furotin da ya fara warwarewa, su taimaka masa ya koma naɗinsa, wanda ya lalace sarai kuma su miƙa shi a rushe. Mutum na da su, saniya na da su, har ciyawar da take ci.

Da farko a ɗakin bincike da zafi mai tsanani ake gwaji, digiri 42 zuwa sama. Daga baya aka tabbatar cewa zafin zazzaɓi ma ya isa ya tayar da su, ko da yake ba da yawa kamar na 42 ba. A 2019 masana a birnin Shanghai na ƙasar Sin sun nuna, a jikin ɓeraye, cewa zazzaɓi yana ƙara HSP90 a fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, shi kuma ya taimaka musu su liƙe a bangon jijiya su fita zuwa inda cutar take. Ashe zazzaɓi matsakaici yana cikin makaman jiki.

Sai dai kariyar nan tana da iyaka, kuma a nan ne maganar ta shafi aljihunmu. Ƙera furotin ɗin yana ɗaukar awoyi, ba nan take ba ne. In kuma zafin ya wuce kima, ɓarnar takan fi ƙarfin masu gyaran, ƙwayoyin su fara mutuwa. Lafiyayyar saniya zafin jikinta tsakanin 38 ne da 39; daga 39.5 zuwa sama zazzaɓi ne. Zazzaɓi ƙwaƙwalwa ce ke ɗaga shi, ita ke kuma tsayar da shi. Zafin tirela kuwa ba mai tsayar da shi. San da sammore ko ciwon huhu ya riga ya kai shi 40.5, tazarar da ta rage masa kaɗan ce. Sai a cusa shi cikin 'yan'uwansa, mota ta tsaya bakin iyaka da tsakar rana a watan Afrilu ana jiran takardun duwan, iska ta ɗauke. In aka gangara kudu wajen Legas ko Kwatano, ga laima a iska, gumi ba ya bushewa, haki kuma ba ya sanyaya shi.

Wani zai ce ai shanunmu masu tozo ba su jin rana. Akwai gaskiya ciki, don a Jami'ar Florida ta Amurka an gwada an ga fararen ƙwayoyin jinin Brahman mai tozo sun fi na Angus ɗan Turai jure zafi. Amma Azawak ko Bororo da ke yawo a fili yana neman inuwa, ba ɗaya yake da wanda aka matse a mota ba ruwa ba.

Shawarata, kowane maigida ya ajiye ma'aunin zafi a aljihu. A auna ta dubura da sassafe, don da yamma ko lafiyayye zafinsa kan ɗan hau. Wanda ya wuce 39.5 a bar shi, a kira likitan dabbobi. Allurar saukar da zazzaɓi da wasu ke yi daren lodi ɓoye alama kawai take yi, cutar tana nan. A shayar da su sosai, a yi lodi bayan la'asar, kuma yaron maigida ya riga mota isa bakin iyaka da takardu.